Tambaya da Amsa: Wa zai faɗa mini gaskiya kan labarin yaran da na rubuta?

Wasiƙun da suka shigo mini a watan nan yawancinsu daga masu rubuta littattafan yara ne, irin masu hotuna waɗanda ake karanta wa yaro yana kallo. Kukan nasu kusan ɗaya ne: sun yi rubutu, sun rasa wanda zai duba musu tsakani da Allah. Mu ma nan Birnin Kebbi muna da ɗan zaman bitar rubutu da muke yi a tsakar gidana, don haka amsoshin daga abin da nake gani da idona za su fito. Na taƙaita wasiƙun, sunaye kuma na sakaya su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti, ni malamar aji biyu ce a firamare. Na rubuta labaran yara guda uku, ina so a yi musu hotuna a buga. Na ba maigidana ya karanta, ya ce Masha Allah. Ƙawayena a makaranta kowacce sai ta ce ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma ranar da na karanta wa 'yan ajina ɗaya daga ciki, kafin in kai rabi sun koma tsokanar juna. Na ji an ce marubuta kan haɗu su duba aikin junansu. Yaya ake yi?
Wata malama daga Jega

AMSA: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kada ki ga laifin maigida ko ƙawayenki. Duk wanda kika miƙa wa takarda kina murmushi kika ce "ya ka gani?", kin riga kin nuna masa amsar da kike so, kuma kara ba za ta bar shi ya faɗi komai ba sai alheri. 'Yan ajinki ne ba su san kara ba, shi ya sa suka ba ki gaskiya: akwai inda labarin ya sake su. Aikin zaman bita shi ne a gano wannan wurin tun kafin ki kashe kuɗin zane da na maɗaba'a.

Nemi mutum huɗu ko biyar, kada ku wuce shida. Labari ɗaya yakan ci minti 20 zuwa 30 in za a yi masa adalci, zaman da aka fara bayan la'asar kuwa dole a tashi kafin magariba. Kowa a cikinku ya zama yana rubutu, domin wanda bai taɓa ajiye nasa a tsakiyar tabarma ba, bakinsa yakan yi kaifi fiye da kima. Ki tabbata akwai mai wuni da yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, malamar ƙaramin aji ko malamin Islamiyya. In kin samu mai iya zane, ko da mai rubuta allon shaguna ne, jawo shi. Za ki iya cigiyarsu a cikin malamai 'yan'uwanki, ko ɗaliban Hausa na kwalejin ilimi ta Argungu, ko ta wajen 'yan ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, wadda ke nan tun 1981. Sai dai taron karatu na ƙungiya, inda ake tashi a karanta a tafa, daban yake da abin da nake nufi. Namu ƙaramin zama ne na aiki.

Abin da na fi riƙewa da ƙarfi shi ne, mai labari ba ta karanta nata. Ki miƙa wa wata wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ta karanta a bayyane, ke kuma ki riƙe kwafinki da fensir. Dalili kuwa, littafin hoto da kunne ake shan sa. Yaro ɗan shekara biyar bai iya karatu ba tukuna. Yayarsa ce ko gwaggonsa ko malaminsa zai karanta masa, kuma babu wanda ya san ki a cikinsu. In ke kika karanta, muryarki za ta toshe duk ramukan da ke ciki, kin san inda za ki ja numfashi da inda za ki ƙara armashi. Baƙuwar murya ce ke tona asiri. Duk inda harshenta ya sarƙe, ko numfashinta ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, ko ta koma baya don ta gane wa ke magana, yi ɗan layi a gefe.

Bayan karatu sai ki yi shiru su yi magana. Wannan shirun tsohuwar al'ada ce a zaurukan koyon rubutu na Amurka, an fi danganta ta da na Jami'ar Ayowa wanda aka kafa a 1936. Hikimarsa a fili take: ba za ki bi littafinki gida-gida kina bayanin abin da kike nufi ba. Amma shiru tun daga farko har ƙarshe yakan sa mutum ya ji kamar an gurfanar da shi gaban alƙali, shi ya sa na fi son tsarin da wata Ba'amurkiya mai tsara raye-rayen dandamali, Liz Lerman, ta fito da shi a 1990. Da farko masu sauraro su faɗi abin da ya tsaya musu a rai, inda suka yi dariya, jimlar da suka riƙe. Daga nan mai aikin ce za ta yi nata tambayoyin, misali "kun gane tun farko cewa akuyar ba tasu ba ce?" Sai su ma su tambaye ta, tambayar da babu hukunci ɓoye a cikinta. Maimakon "me ya sa ƙarshen ya yi tsawo haka?", sai a ce "me kike so yaro ya tafi da shi a shafin ƙarshe?" Ra'ayi shi ne na ƙarshe, kuma da neman izini: "ina da ra'ayi kan sunan yarinyar, kina so ki ji?" Tana da damar cewa a bari tukuna. Na ga tsarin ya dace da ɗabi'armu, don ba mu saba faɗa wa mutum aibinsa gatsal ba.

Saura abu ɗaya da ya keɓanta da masu littafin hoto, kuma shi ne yawancinmu ba mu sani ba mu fara. Kada ki zo zama da labari a rubuce sambal a shafi biyu kamar insha'i. Ɗauki fallen takarda A4 guda takwas, ki haɗa ki naɗe biyu, ki ɗinke tsakiya da zare. Kin samu littafin gwaji mai shafi 32, wanda shi ne adadin da aka fi buga irin waɗannan littattafai, saboda maɗaba'a tana buga shafuka takwas-takwas ko sha shida-sha shida a babban falle ɗaya sannan a naɗe. Shafukan farko na suna ne da bayanin haƙƙin mallaka, abin da zai rage wa labari wajen buɗi 14 ne, wato shafi biyu masu kallon juna sau 14. Yanka labarinki da almakashi, ki manna kowane yanki inda zai zauna. Masu buga irinsu a Amurka da Ingila yawanci ba sa son rubutun ya wuce kalma 500 zuwa 600, kuma da kin manna naki za ki ga dalili.

Bari in ba ki misali daga zamanmu. Wani matashi ya kawo labarin yaron da babansa zai shiga gasar kamun kifi ta Argungu. Ga yadda ya buɗe: "A wani gari mai suna Argungu a jihar Kebbi, akwai wani yaro mai hankali da biyayya, dogo ne baƙi, yana sanye da jar riga. Gidansu yana kusa da kogi, akwai bishiyar mangwaro a ƙofar gidan." Malamar ƙaramin aji da ke cikinmu ta tambaye shi, a cikin duk wannan wanne ne mai zane ba zai iya nunawa ba? Ya duba ya duba. Tsawo, jar riga, kogi, mangwaro, duk aikin hoto ne. Hankali da biyayya kuma sai yaro ya gani a aikace zai yarda. Da ya dawo da shi, buɗin farko ya zama: "Yau ce ranar kamun kifi. Baba ya ɗauki homa. To wa zai ɗauki gora?" Sai a juya shafi. Wannan juyawar ita ce babban makamin mai littafin hoto. A rubutunsa na farko, tambayar "me ke jan homar Baba?" da giwan ruwan da ya fito duk a buɗi ɗaya suka faɗo, yaro zai ga kifin kafin a gama karanta tambayar. Aka tura kifin zuwa bayan shafi, yanzu sai yaro ya miƙa hannu da kansa ya juya.

A zaman nan ne kuma wata haifaffiyar Argungu ta tsayar da mu kan wani shafi inda baban ya jefa ƙugiya. Ta ce ranar gasa ba a shiga kogin Matan Fada da ƙugiya, homa ce, wato ragar kamun kifi ta hannu, da gora. Bikin nan UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya tun 2016, littafin yana iya kaiwa hannun yaron da bai taɓa taka Kebbi ba, kuma abin da ya gani a hoto shi zai riƙe. Mutum ɗaya a ɗakinsa da wuya ya kama irin wannan.

TAMBAYA: Hajiya, mu bakwai ne a zamanmu. Shugabanmu dattijo ne, shi ya koyar da uku daga cikinmu a sakandare. Duk labarin da ya kawo rabinsa nasiha ce, ƙarshensa kuma sai ya rubuta "Darasin wannan labari". Babu mai iya cewa uffan. In namu ne kuma sai ya karɓi biro ya sake rubuta mana. Muna jin nauyinsa, amma zaman ya fara mutuwa.
Wani ɗalibi daga Ƙaura Namoda

AMSA: Ɗana, nauyin malaminku da kuke ji abu ne mai kyau, kada wani ya zuga ku ku yar da shi da sunan wayewa. Tsarin zaman ne ke son gyara. Ku ware rana guda da babu wanda ya kawo labari, ku tattauna ƙa'idojin zama, ku rubuta su, sannan ku roƙi Malam shi ya karanta su ga kowa. Dattijo ba ya son a gan shi yana taka dokar da ta fito daga bakinsa.

A cikin ƙa'idojin ku sa cewa ƙarami ne ke fara magana, babba shi ne na ƙarshe. Muddin Malam ya fara, sauranku "haka ne, Malam" kawai za ku yi ta jerawa, ko da wani abu daban ne a ranku. Wannan jeri ma girmamawa ne a gare shi, don a majalisar sarki ma ai babba ne ke rufe magana. Ku sa kuma cewa biron kowa a kan takardarsa yake tsayawa. Wanda aka sake rubuta wa labari ya tafi gida da labarin wani, bai koyi komai ba, gobe kuma kuskuren jiya zai maimaita.

Game da yadda za ku yi magana kan nasa, ku bar batun "ya yi" ko "bai yi ba". Kowa ya faɗi abin da ya same shi lokacin da yake saurare. "Malam, a shafi na tara hankalina ya tafi, sai da aka ambaci kura na dawo." "Malam, ban gane wanda ya buɗe ƙofar ba." "Malam, me kuke so yaro ya ji a ransa a nan?" Babu rashin kunya a ɗalibi ya ce wa malaminsa bai gane ba, kullum haka ake yi a zaure. In kun ga dama ku tuna masa da ladabi cewa ko marubutan da suka shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, waɗanda har yau ake karanta littattafansu a makarantu, sai da rubutunsu ya bi ta hannun Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, a Zariya aka duba aka gyara.

Batun nasiha kuwa, ina tare da Malam a niyya. Ni ma ina son littafin da zai gyara tarbiyyar jikokina. Inda muka rabu shi ne hanya. Kakanninmu da suka yi mana tatsuniya da dare ba su tsayar da labari a tsakiya sun yi mana wa'azin illar haɗama ba. Gizo ne zai yi haɗamarsa, ta ja masa abin da ta ja masa, mu yi dariya, a ce ƙurunƙus, kowa ya kwanta ya gane. Yaro yana gane abin da ya gani ya faru, yana kuma toshe kunne da zarar ya ji muryar faɗa ta shigo.

Ba sai kun yi gardama da shi a kan wannan ba. Ku nemi izinin wata makaranta ko Islamiyya, a tara yara kamar goma, wani cikinku ya karanta musu labarin Malam, shi yana zaune daga baya. Kafin a kai shafin darasi a rufe littafi, a tambaye su me ya faru, me ya sa abin ya same shi. In yaran sun faɗi darasin da bakinsu, Malam zai ga shafin ba shi da aiki. In sun kasa, to labarin ne ke buƙatar gyara, kuma shafi ɗaya na nasiha ba zai cece shi ba. Ku yi wa labaranku haka a rana ɗaya, kada ya zama nasa kaɗai aka kai gwaji.

TAMBAYA: Gwaggo, na kai labarina zama, mutum biyar ra'ayi biyar. Labarin wata yarinya ce da ɗan kunnenta ya ɓace ana gobe Sallah, kakarta ta taya ta nema. Wata ta ce in cire kakar, wata ta ce kakar ce daɗin labarin, wani ya ce in sauya ƙarshen. Na dawo gida na yi kuka. Wata uku ke nan ban sake taɓa shi ba. Wa zan bi?
Wata matar aure daga Tudun Wada, Gusau

AMSA: 'Yata, share hawayenki. Abin da mutum ya daɗe yana reno dole a taɓa shi ya ji, kuma duk marubucin da na sani ya taɓa dawowa gida da wannan ƙuncin. Ba wanda za ki bi a cikinsu. Labarin naki ne, sunanki ne zai hau bango.

In kika ba maƙwabta biyar miyarki su ɗanɗana, wata za ta ce a ƙara ruwa, wata ta ce a ƙara tumatir, wata ta ce a jefa dankali. Maganin kowacce daban, amma duk abu ɗaya harshensu ya ji, gishiri ya yi yawa. Ki saurari inda suka nuna fiye da abin da suka ce a yi. A wasiƙarki mutum biyu sun tsaya kan kaka, na uku ya tsaya kan ƙarshe. Ban ga labarin ba, amma ina da tambaya: wa ya gano ɗan kunnen? In kaka ce, to ina jin duka ukun abu ɗaya suka ji. Kakar ta fi kowa rai a labarin, har ta ƙwace shi daga hannun yarinyar. Yaron da ake karanta wa yana bin yarinyar ne, ita yake so ta yi dabarar da za ta fid da ita. Bar kaka da barkwancinta da 'yan waƙoƙinta, ta ma iya yin wata magana da za ta tuna wa yarinyar inda ta yi wanka da safe, amma hannun yarinyar ne ya kamata ya ɗauko ɗan kunnen.

Nan gaba, rubuta duk abin da aka faɗa, ki ce kin gode, kada ki yi wa kowa alkawarin gyara a wurin. Ajiye takardar mako guda. Sannan ki rubuta wa kanki a jimla ɗaya abin da labarin yake a kai, ki auna kowace shawara da ita. Wadda ta ƙara masa ƙarfi ki ɗauka, wadda za ta mai da shi wani labari daban ki bar wa mai ita ya rubuta nasa.

Akwai dai iyaka. In a zaman akwai mai yi miki dariya, ko mai barin takarda ya koma kanki, irin "ke ai rubutu ba naki ba ne", wannan cin fuska ne, kuma haƙƙin mai jagorantar zama ne ya tsawatar. In an ƙi, nemi wasu abokan. Wurin da kullum sai yabo shi ma asarar kuɗin mota ne.

TAMBAYA: Malama, mu a warwatse muke, wani a Talata Mafara, wani a Anka, wata a Gummi, kuma halin da hanya ke ciki bai ba mu damar haɗuwa ba. Muna so mu yi ta WhatsApp, amma ina tsoron a sace mini labari.
Wani ma'aikacin lafiya daga Talata Mafara

AMSA: Malam, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya tsare matafiya. Kada ku hau hanya saboda zaman bita, waya za ta yi muku aikin. Ku buɗe ƙaramin zaure na ku kaɗai, daban da manyan zaurukan marubuta masu ɗaruruwan mutane inda ba ka san wa ke karantawa ba. Saƙon murya ma wata dama ce: wani ya ɗauki karatun labarinka a karon farko da ya gan shi, ba tare da ya goge ya sake ba, ka ji da kunnenka duk inda ya yi tuntuɓe, ka kuma maimaita saurare yadda kake so. Littafin gwajin kuwa a ɗauki hoton kowane buɗi a tura a jere. Ku sa ranar turawa da ranar amsa, in ba haka ba zauren zai koma na gaisuwar Juma'a.

Maganar sata: a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, rubutunka ya zama mallakarka tun daga lokacin da ka rubuta shi, ba sai ka yi rajista ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar sanarwar aiki ga mai son ƙarin shaida, amma ganin dama ne. Kafin ka tura wa kowa, aika wa kanka ta imel don kwanan wata ya zauna, ka kuma adana tsofaffin kwafe masu gyaran hannunka. Ka sani doka tana kare yadda ka tsara labari da kalmominka ne, ba ta kare gundarin tunani. Kowa na iya rubuta labarin yaron da ya ɓata a kasuwa, tatsuniyoyin gargajiya kuma na kowa ne. Ku sa ƙa'idar cewa ba a fitar da rubutun wani daga zauren sai da izininsa. A abin da na gani, labaran da tsoro ya kulle a akwati har mai su ya manta da su sun fi waɗanda aka sace yawa nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Inna, yaron labarina yana cewa "Inna, mi kinka dahwa?" Wani a zamanmu ya ja layi ya ce wannan ba Hausa ba ce, in gyara. Haka muke magana a gida. Shi ke da gaskiya?
Wata ɗaliba daga Gwandu

AMSA: 'Yata, Hausa ce tsantsa, kuma yaron Gwandu ko Gummi yana da haƙƙin ya ji muryar gidansu a littafi. Amma abokin zamanki ya taɓo abin dubawa ko da bai faɗe shi daidai ba. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi kan karin Kano, ita ce ta littattafan makaranta da jarrabawa. Tambayar da ya kamata zamanku ya fara yi ita ce, wannan littafi wa zai karanta shi? In na koyon karatu ne, wanda ɗan aji ɗaya zai bi da yatsa yana haɗa baƙi da wasali, irin waɗanda shirin koyar da karatu da lissafi na RANA ya kai makarantun Zamfara da Katsina, to ki tsaya kan daidaitacciya, kada abin da ya gani a littafi ya saɓa da na allo. In kuwa babba ne zai karanta wa yaro, sai mai ba da labari ya yi daidaitacciya, mutanen cikin labarin su yi maganarsu ta gida. Ki dai riƙe shi bai-ɗaya, kada yaron ya ce "munka" a shafi na shida ya koma "muka" a na goma.

Inda nake so mai jan layin nan ya sa ƙarfinsa shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa da raba kalmomi. Waya da kwamfuta suna yawan cinye lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, yaron da ke koyo kuwa abin da ya gani shi zai kwafa. Ku naɗa shi mai duba wannan a kwafin ƙarshe kafin a kai maɗaba'a.

TAMBAYA: Hajiya, ban iya zane ba ko kaɗan. Sai na samu mai zane kafin in kai labarina zaman bita?
Wani malamin Islamiyya daga Yawuri

AMSA: A'a, Malam, kai rubutunka haka nan, gara ma a gama gyaransa kafin a biya kuɗin hoto ko ɗaya. Inda hoto zai faɗi abin da kalmomi ba su faɗa ba, misali rubutu ya ce "babu kowa a ɗakin" alhali ga kyanwa ƙarƙashin gado, sai ka sa ɗan bayani a gefe. Sauran ka bar wa mai zane, shi ma marubuci ne da nasa alƙalamin.

Don idonku ya saba, ku riƙa buɗe kowane zama da karanta littafin hoto guda da aka riga aka buga, ku yi masa irin bitar da kuke yi wa naku. Marubucinsa ba ya wurin, kowa zai saki baki, kuma nan ake koyon sharhi. Akwai su kyauta a intanet har da na Hausa, a African Storybook da ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya da aka fara a 2015. Manhajar Bloom ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL kuma kyauta ce, tana taimakawa wajen jera rubutu da hoto a shafi.

In ka samu mai zanen, roƙe shi ya fara kawo zanen fensir na dukkan shafuka kafin ya sa launi, ka kai su zama a duba. A nan ne za a ga ko kwalekwalen ya yi kama da na bakin ruwan Yawuri, ko fuskar yaron ta sauya tsakanin shafi da shafi, ko an bar wurin da rubutu zai zauna. Ku kuma rubuta a takarda hotuna nawa ne, nawa ne kuɗin, yaushe za a kawo, da wanda ke da ikon sake buga su, kowa ya sa hannu a gaban shaida.